Gidajen Abinci Sun Cika Abuja, Amma Wa Ya San Mai Girkin?

Duk wanda ya kwana biyu bai bi ta Wuse 2 ba, ranar da ya koma sai ya tarar an buɗe sabon gidan abinci. Titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola sun cika sun tumbatsa, abin ya malala Maitama da Jabi da Gwarimpa, har ya kai unguwannin da shekarun baya kaɗan gonakin Gbagyi ne. Ga na Labanawa, ga na 'yan Sin da Indiyawa, ga masu shawarma a kowace kwana, ga kuma 'ya'yanmu da suka yi karatu a waje suka dawo da jari da sha'awa. Ni dai ina murna da wannan, domin kuɗi ne ke zagayawa, daga mai kawo tumatir har yaron da ke gadin motoci.

Sai dai ina so mai karatu ya tambayi kansa abu ɗaya. A cikin gidajen da kake zuwa, guda nawa ne ka san sunan wanda ya dafa abin da ka ci? Sunan gidan ka sani. Wataƙila ka san mai shi, har ka san matar wane ce ko ɗan wane ne. Amma wanda ya tsaya gaban wuta tun safe, ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. A ganina bunƙasar da muke gani a Abuja ta tsaya a gini da fitilu da kujeru, ba ta kai ga mai riƙe da muciya ba. Muddin kuma ba ta kai gare shi ba, gidajen za su ci gaba da buɗewa suna rufewa, kuma abincinmu na Arewa shi zai fi kowane cutuwa.

Kasuwar kam akwai ta. Abuja gari ne na baƙi. Tun da gwamnatin tarayya ta taso daga Legas ta tare a nan ranar 12 ga Disamba, 1991, mutane ke kwararowa, da yawa kuma iyalinsu na Kano ko Katsina ko Sakkwato, sai ƙarshen mako ko ƙarshen wata ake haɗuwa. Wanda iyalinsa ke kusa ma, in a Kubwa ko Nyanya ko Mararaba ko Suleja yake kwana, ana sallame asuba zai fito, ba zai koma ba sai bayan isha. Dole ya ci a waje. Ga 'yan siyasa da 'yan kwangila da ma'aikatan ofisoshin jakadanci, waɗanda rabin maganarsu a kan teburin abinci ake ƙulla ta. Ga samari da 'yan mata da ba su da wurin hira da ya wuce nan. Masu ci ba su yi kaɗan ba.

Akwai wata baiwar Allah da na sani, tana girki a wani gidan abinci a tsakiyar gari. Ba zan ambaci sunanta ba don kada in jawo mata matsala da uwar ɗakinta, kuma wannan ɓoyon da ya zame mini dole yana cikin abin da nake kuka da shi. 'Yar Jos ce. Mahaifiyarta tana da rumfar abinci a babbar kasuwar Taminus kafin gobarar 2002 ta lashe kasuwar, a gindin murhun nan ta tashi. Ba ta wuce firamare ba. Amma ban taɓa zama da wanda ya san abinci kamarta ba. Masu iya dafawa suna da yawa. Ita har dalilin kowane abu ta sani.

Ɗauki waina. Kowa ya san shinkafar tuwo ake jiƙawa, a dafa wata kaɗan a haɗa, a niƙa, a bar ƙullun ya kwana ya tashi. To ita ta san ƙullun hunturu ba ya tashi da saurin wanda aka kwaɓa cikin zafin watan Maris na Abuja, don haka lokacin kai niƙanta yana canzawa da yanayi. Da asuba za ta ɗanɗana, ta san ko tsami ya yi yawa, ta san iya ruwan kanwar da zai kashe shi ba tare da wainar ta yi ja ko ta ɗauki warin kanwa ba. Ta ƙi tandar ƙarfe, ta ce tana ƙona baya alhali ciki bai nuna ba. Ta ƙasa take so, wadda ta sha mai ta yi santsi. Wainarta gefe ya soyu ya yi ƙaras-ƙaras, ciki kuwa laushi da 'yan ƙofofi, tana shan miya ba ta dagargajewa.

Ko gwaten acha, abincin mutanen Filato da ta taso tana ci a gidajen maƙwabta. Acha ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, ba ta rabuwa da yashi sai an rege ta a ƙwarya an sake regewa, aikin da masu girki da yawa ke gudu. Ita ba ta ba yara wannan aikin, da kanta take yi, domin tsakuwa ɗaya a bakin baƙo ta isa ta kore shi har abada. Ƙashi take fara dafawa har ya saki romo, sannan gauta, sannan acha. Yakuwa da alayyafo sai an kusa saukewa, don kada ganyen ya mutu ya yi baƙi.

Miyar kuka kuwa, wadda muke kira miyar talauci, a hannunta na gane ba kowa ya taɓa shan ta yadda take ba. Ba ta sayen kukar da aka shanya a rana har ta yi ja. Wadda ta bushe a inuwa take nema, koriya shar. Daddawar kalwa daga hannun mace ɗaya take karɓa, ana aiko mata a mota. Ta daka busasshen kifi, ta soya man shanu da albasa har ƙarnin ya fita, ta kaɗa miyar da maburgi babu gudaji ko ɗaya. Magi ɗan kaɗan take sakawa, wani lokaci ma ba ta sakawa. Takan ce wanda ya cika tukunya da dunƙule, wani abu yake ɓoyewa.

Kada kuma a ɗauka tsohon yayi kawai ta iya. Ita ta fara yi musu ƙananan sinasir da dambun kifi a kai, masu taron ofis suka riƙa yin oda. Ita ta dafa acha dafa-duka da zogale saboda masu ciwon suga da ke tambayar abin da za su ci ban da shinkafa. Ita ta sanyaya kunun gyaɗa mai kauri da dabino a ƙananan kofuna, ya zama abin da ake rufe ciki da shi. Da tumatir ya yi tsada ta koma kauɗa da tattasai da kabewa, babu wanda ya yi ƙorafi. Duk wannan ana ɗaukar hotonsa a sa a Instagram da sunan gidan, jama'a su yi ta yaba wa Hajiya mai wurin, ita kuma tana amsa yabon.

Na taɓa ce mata, "Yaya, me zai hana ki ce a riƙa sa sunanki a jikin takardar abincin?" Ta ce, "Ƙanena, ni dai a biya ni a kan lokaci. Suna ai na masu gida ne." Ba da ɗaci ta faɗa ba. Haka ta taso ta ga ana yi, kuma wannan ya fi ci mini rai a kan a ce ta yi kuka.

Albashinta tsayayye ne: ko gidan ya cika har ana jiran kujera, ko babu kowa, abin da za ta karɓa ɗaya ne. A Mararaba take kwana, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ke cinye babban yanki na abin da take samu. A watan Yulin 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan gidajen abinci a nan suke fakewa. Akwai kuɗin hidima da wasu gidaje ke ƙarawa a kan lissafin mai ci. Ka tambayi 'yan kicin ko yana isa gare su, ka ji amsar da za su ba ka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da sauƙi a ɗora laifin duka a kan masu gidajen, amma tushen abin a gidajenmu yake. Mu ne muka raina sana'ar. Yarinya ta iya girki don miji, sai yabo, har a saka shi cikin abin da ake faɗa a kanta in an zo neman aure. Ranar da ta ce za ta dafa ta sayar, sai a fara kallon-kallo, a ce gidan wane ba a tuwo-tuwo. Namiji kuwa ya ce kuku yake son zama, kafin ya rufe baki an kira shi ɗan daudu. Tun zamanin Turawa muka san kuku a matsayin bara, abokin aikin boyi a gidan Bature, har yau kuma hoton nan bai fita daga kanmu ba. Dubi mahauta. Babu abincin Hausawa da ya zaga Najeriya kamar tsire da kilishi. Je ka Area 1 a Garki ka ga manyan mutane suna sayen kilishi za su kai tsaraba Legas da Fatakwal. Aikin gwaninta ne: a yanka nama fale-fale, a shanya, a tsoma a labu na tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, a nuna wa wuta. Amma har gobe akwai gidajen da ba za su ba mahauci 'yarsu ba.

Wannan raini ba daga addini muka samo shi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya mana babu abincin da mutum zai ci da ya fi wanda ya samu da aikin hannunsa, ya kuma kawo misali da Annabi Dawuda. To ta yaya wanda ya mai da ciyar da mutane sana'arsa ta halal zai zama abin kunya?

Rainin yana bin mu har kan tebur. Mutum zai biya kuɗin taliya da miyar madara irin ta Italiya bai ce uffan ba, alhali dafa ta ba ya cin rabin sa'a. Ya ga farashin tuwon shinkafa da miyar taushe, sai ya ɗaga kai ya ce, "Tuwon ma?" Bai lissafa tuƙin ba, bai lissafa kabewa da gyaɗa da ganye da ƙashin da aka yi sa'o'i ana dafawa ba. A ganinsa abin da ake ci a gida bai cancanci kuɗi ba. Mai gidan abinci ɗan kasuwa ne, abin da ya karanta a fuskarmu shi yake bi. Sai ya tura abincin gargajiya can ƙasan takarda, ko ya ce sai Juma'a, ya ɗauko mai dafa abincin Turawa da albashi mai tsoka ya ba shi farar riga da doguwar hula, mai tuwo kuma ta zama 'yar taimako a lungun kicin. Mu muka tsara hakan da aljihunmu.

Abin da ke ƙara mini takaici, a waje an riga an gane darajar abin da muke rainawa. A 2022 Fatmata Binta, Bafulatana haifaffiyar Saliyo da ke zaune a Ghana, ta ci babbar kyautar girki ta duniya da ake bayarwa a yankin Basque na ƙasar Sifaniya, ita ce ta farko daga Afirka. Abincin Fulani take dafawa, a kan tabarma take zaunar da baƙinta, kuma acha ce a gaba cikin abin da take tallatawa. Pierre Thiam, ɗan Senegal, ya shigar da achar nan manyan kantunan Amurka. A watan Fabrairun 2024 Adejoké Bakare, wadda ta tashi a Kaduna, ta samu tauraron Michelin, lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci, a gidan abincinta Chishuru da ke Landan, baƙar mace ta farko da ta same shi a Birtaniya, kuma sinasir na cikin abin da ta riƙa kai wa baƙinta. Ita ma, kamar matar da nake ba ku labarinta, ba makarantar girki ta yi ba. Ba ina cewa sai Bature ya sa hannu abincinmu zai yi daɗi ba. Abin lura shi ne a duk wuraren nan sunan mai girkin ne a gaba. Don ita ake zuwa, da ita 'yan jarida ke magana, ita masu jari ke nema su zuba kuɗi a bayanta. A nan kuwa, akwai masu koyar da girki da Hausa a talabijin da intanet, kuma suna ƙoƙari, amma babban gidan abinci a Abuja da aka gina a kan sunan mai dafa abincin Arewa sai an tona.

Na san abin da masu gidajen za su ce, kuma ba ƙarya suke yi ba. Haya a Wuse 2 ko Maitama ta shekara ake biya gaba ɗaya, wani mai ginin ma ta shekara biyu yake nema tun kafin ka sayar da faranti ɗaya. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane ma'auni, daga ƙasa da 70, ga dizal na janareta, ga gas. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Ga harajin VAT na kashi 7.5, ga masu rasit kala-kala da ke sallama a ƙofa. Wanda ya zuba dukiyarsa cikin wannan, in abin ya rushe shi ke kwana da bashi, kuku kuwa ya nemi wani gidan. Don haka, in ji su, suna da riba haƙƙin mai jari ne.

Na yarda mai jari yana da haƙƙi babba. Amma a duba me ke rufe gidajen nan. Zuwan farko, ado ne ke kawo mutum: ya ga hoto, ya zo ya ɗauki nasa. Zuwa na biyu da na goma, harshe ne ke kawo shi. Sau nawa muka ji an ce, "Wurin nan da suna da abinci, yanzu sun lalace"? In ka bincika, sau da yawa ba wani abu ya faru ba illa mai girkin ta tafi, an ƙara mata 'yan dubbai a wani gidan. Masu ci ba sa zuwa su yi sallama, ɗauke ƙafa kawai suke yi. Mai gida ya kashe miliyoyi a kan tayil da fitilu da kujerun da aka yo oda daga Turkiyya, sannan ya yi ƙwauron abin da zai riƙe mutum ɗaya da kasuwar ke tsaye a kansa. Yana ganin tsimi ya yi, alhali jarinsa ya karya.

Sai kuma tsoron da ba a cika faɗa a fili ba: in na fito da sunanta, gobe ta buɗe nata ta kwashe mini mutane. To ai yanzu ma tafiya take yi, domin babu abin da ya ɗaure ta. Wanda ke da kaso a cikin riba ba ya tashi don an ƙara masa dubu goma. Kuma tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure ya wuce ta kan ƙirali, wato mudaraba: ɗaya ya kawo dukiya, ɗaya ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya tun farko. Bankunan Musulunci irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 kuma hedikwatarsa ke nan Abuja, da irin wannan haɗin gwiwa aka san su. 'Yan kasuwarmu na Kwari da Singa sun san yadda ake yaye yaro: ya yi shekaru yana tsare shago, a ba shi jari a buɗe masa nasa, ya ci gaba da sarin kaya a wurin ubangidansa, kowa ya ƙaru. Me ya sa wannan adalci ke tsayawa a ƙofar kicin? Gwanar da ta shekara biyar tana cika maka gida, in lokacin tashinta ya yi, ka buɗe reshe na biyu da sunanta ku raba riba ya fi maka alheri a kan ka wayi gari ka gan ta a gidan abokin hamayyarka.

Ƙasar nan ta Abuja ta taɓa ganin abin da ke faruwa in aka fito da mai aikin hannu fili. Ladi Kwali maginiyar tukwane ce daga Kwali, ba ta yi boko ba, a gida ta koya. Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, shi ya ga kyan tukwanenta ya tara su a gidansa, a can Bature Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da ke tsohuwar Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja, mace ta farko a wurin. Daga nan ta zaga Turai da Amurka tana nuna aikinta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, yau hotonta na bayan takardar naira 20. Abin da ya fi tsaya mini a labarin shi ne na gida ne ya fara ganin darajarta, kuma sunanta bai ɓace a bayan sunan fada ba. Masu kuɗinmu da ke zuba jari a filaza da gidan mai, da 'yan kaɗan daga cikinsu za su yi wa masu girki irin wannan, da labari ya canza.

Waɗanda za a yi wa kuwa ba nesa suke ba. A Gwarimpa da Kubwa da Lugbe da Lokogoma akwai matan aure da zawarawa da 'yan mata masu digiri da ke girki a kicin ɗin gidajensu, suna karɓar oda ta WhatsApp, mai babur ya kai. Da azumi ba sa samun barci: kunu, ƙosai, farfesu, dambun nama, alkubus, funkaso. Lokacin biki su ke yin dubulan da alkaki da nakiya na gara. Da sunansu suke sayarwa, in abinci ya yi daɗi su ake yaba wa, in ya ɓaci su ake kira. Abin da ya rage musu jari ne da wuri, da mai hannu da shuni da zai yarda ya shiga a matsayin abokin tarayya maimakon ubangida.

Su ma masu girkin akwai gyara a wajensu, kuma na gaya wa Yayar tawa wannan ido da ido. Komai nata a ka yake. Gishiri da ido, kanwa da harshe, ruwa da ƙiyasi. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita, wainar gidan ta zama wata aba dabam. Wurin da ke ciyar da jama'a masu yawa ba zai tsaya a kan ƙiyasin mutum ɗaya ba; dole a auna, a rubuta, ko da ajami ne, ko a sa yaro ya riƙa ɗauka a waya. Akwai kuma ɓoye sirri, gwana ta juya wa yaranta baya in za ta zuba kayan haɗi. Na fahimci dalili: wanda ba shi da kaso ba shi da suna, sirrin nan shi kaɗai ne jarinsa, in ya bayar an gama da shi. Ba ta haƙƙinta, za ta koyar da zuciya ɗaya. Tsafta kuwa babu uzuri a kanta ga kowa. Ruwan wanke-wanke, ajiyar nama in wuta ta ɗauke, man suya da ake maimaitawa har ya yi baƙi, waɗannan suna kwantar da mutane a asibiti, kuma iya girki ba ya wanke mai yin su.

Saura koyarwa. Na zauna da yaran da suka biya kuɗi mai yawa suka fito daga wasu makarantun girki masu zaman kansu. Sun iya kek da miyar Faransawa kala-kala, amma ka ce su tuƙa tuwon dawa na mutum hamsin babu gudaji, ko su gaya maka yadda kalwa ke zama daddawa, sai ido. Ba laifinsu ba ne, ba a koya musu ba, domin waɗanda suka san abin ba su da takardar da za ta ba su damar tsayawa gaban aji. Gyaran wannan yana hannun gwamnati, kuma kayan aikin suna nan. Akwai cibiyar tarayya ta koyar da harkar otal da yawon buɗe ido, NIHOTOUR, mai reshe a Bagauda ta jihar Kano. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna kuma tana da tsarin gwada wanda ya koyi sana'a a wajen makaranta ta ba shi shaida. A buɗe wa masu girki wannan ƙofa da gaske, a je inda suke a gwada su da Hausa a gaban murhu. Wadda ta ci, a ɗauke ta koyarwa a biya ta kamar kowane malami. Matar da nake ba ku labarinta ta haura hamsin, gwiwa ta fara damunta, tsayuwar safe zuwa dare ba za ta daɗe tana yi ba. Aji guda na matasa a shekara zai fi mata sauƙi a kan kicin, kuma a cikinsu za a samu waɗanda za su buɗe nasu gidajen.